Yadda ake haɗa fankar lagireto mai wuta a tsohuwar mota, ta riƙa tashi da tsayawa da kanta

Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson kasuwar Jega da rana tsaka a watan Afrilu cikin tsohuwar mota, ya san yadda ido ke kafewa a kan allurar gejin zafi. Tawa Fijo 504 ce haɗin Kaduna, irin waɗanda kamfanin PAN ya yi ta fitarwa bayan buɗe masana'antarsa a 1975. Ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa, yanzu tana hannuna a Birnin Kebbi. In tana gudu a hanyar Argungu, allura na tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. Da an tsaya ana jan ƙafa, sai ta fara hawa.

Shawarar da kowa ya ba ni guda ce: a sa fankar wuta, a yi mata dairek, a cire tamostat. Haka aka yi min a wani gareji. Aka jawo waya daga bayan makulli zuwa fanka, babu fiyus, babu rile (ɗan akwatin da ke sa ƙaramar wuta ta buɗe wa babbar wuta hanya). Ba a yi wata guda ba, tsakanin Kalgo da Jega, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari, ga iyalina a baya. Allah Ya tsare, waya ce ta narke tare da mazaunin makulli. Wani dattijo mai rewaya da ya kwance aikin ya dubi ƙonanniyar wayar ya ce min: "Ɗana, makulli bai san zahi ba. Ruwa shi ka sanin zahi, shi ya kamata ya tada hwanka." Na ce, "Baba, to a koya min." A kan wannan magana tasa na gina duk abin da zan bayyana a nan.

Fara gano inda ciwon yake

Fankar wuta iska kawai take ƙarawa lokacin da mota ke tsaye ko tana tafiyar hawainiya. Da mota ta haura gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa, iskar da ke dukan gabanta ta fi wadda fanka ke jawowa. Saboda haka in motarka a kan babbar hanya take zafi, kana gudu daga Koko zuwa Yauri allura na hawa, kada ka ɓata kuɗinka a fanka tukuna. Lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa ya cinye, ko fambel ya saki, ko taimin ya kauce, ko gaskit ɗin kai ya fara hurawa. Ruwan rijiya da na bohol da muke ɗurawa yana barin farin dutse a cikin bututun lagireto, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa da ƙwari kuma suna toshe shi ta waje. A kai shi wurin masu lagireto su buɗe tanki su soke shi, a wanke, a gwada murfi. In bayan haka sai a cunkoso kaɗai take zafi, to ga mu a kan maganarmu.

Mai 404 ko 504 ya ƙara duba abu ɗaya. Da yawa daga cikinsu sun zo da fanka mai kulocin maganaɗisu a kan famfon ruwa, da suwic ɗin zafi da ke kama ta in ruwa ya yi zafi, ya sake ta in ya huce. Wato tun can Fijo ba ta ƙera su don fanka ta yi ta juyawa da ƙarfi kullum ba. Sau da yawa ɗan kabon da ke kai mata wuta ne ya cinye, ko suwic ya mutu. In taka na gyaruwa, gyara ta, ya fi komai sauƙi. Tawa fuka-fukanta sun tsage, kulocin ya mutu murus, shi ya sa na koma ta wuta.

Abin da ya sa na daina yarda da dairek

Injin yana da zafin da yake son aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas. Tamostat ne ke tare ruwa har injin ya kai nan. In an cire shi kuma fanka na juyawa tun daga kunna makulli, da safiyar hunturu sai ka isa wurin aiki injin bai ɗumama ba. Injin mai sanyi ya fi shan mai, fetur na gangarawa ya tsinka baƙin mai, ringi da silinda na ci da wuri. Ba a jin wannan ɓarna a rana ɗaya, shi ya sa mutane ke musu a kanta.

Sai maganar wuta. Altanetar tsofaffin motocin nan amfiya 35 zuwa 55 take bayarwa, kuma a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, ba ta kai hakan. Manyan fitilu biyu masu wat 55 suna jan kusan amfiya 9. Ƙara kwayil, ƙananan fitilu, rediyo, sannan ka ɗora fanka mai jan amfiya 12 ko 15 da ba ta hutawa. Da dare a cikin gari batir ne ke cike giɓin, washegari a ce mota ta ƙi tashi sai turi. Ita kanta fankar kabon ɗinta na cinyewa da wuri. Mazaunin makulli kuwa ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyi ba, musamman a lokacin da fanka ke tashi, domin a wannan ƙiftawar ido tana fizgar ninki biyu zuwa uku na abin da take ja in ta daidaita. Akwai ma abin mamaki da masu dairek kan gani: ka kashe makulli injin ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Fankar ce ke juyawa da sauran ƙarfinta, ta zama ƙaramin janareta tana mayar da wuta cikin layin kwayil.

Kayan da za ka tanada

Fanka mafi faɗi da za ta zauna a fuskar lagiretonka, yawanci inci 12 zuwa 16. Sabuwa irin ta Spal ta ƙasar Italiya tana da kyau in ka samu ta gaskiya, amma ta Beljiyam daga motar Japan ko ta Turai, wadda ta zo da mazubinta na roba, tana aiki sosai. Ka nemi mai waya biyu kawai. Ka guji ta sababbin motoci mai ɗan akwatin lantarki a jiki da siririyar waya ta uku, domin wannan umarni take jira daga kwamfutar mota, kai kuwa ba ka da ita.

Rile mai ƙafa huɗu ko biyar, mai ɗaukar amfiya 40, da soket ɗinsa. Sayi biyu, ɗaya ya zauna a mota. Gidan fiyus babba mai murfi, da ƙarami. Suwic ɗin zafi, wanda a shagon kayan mota ake kira fan-suwic. Waya mai kauri, wadda a kasuwa ake ce wa 4mm, ja da baƙa, da siririya 1mm. Ta zama wayar mota mai silili da yawa, ba ta wayarin gida mai ƙarfe ɗaya ba, domin girgiza na karya wannan. Ka kankare silin da wuƙa a gaban mai shago: in ciki ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ajiye masa abinsa. Sai kawunan waya, robar da ke tsukewa in ta ji wuta, mita ko ƙwan gwaji, da ƙaramin madanni na dashbod mai fitila.

Girman fiyus daga jikin fanka ake samo shi. In an rubuta wat 120, raba da 12, amfiya 10 ke nan, fiyus 20 ya yi. In wat 180 ce, amfiya 15, sa fiyus 30. Kada ka wuce 30 a kan wayar 4mm. Fankar da ta fi haka ci, sai wayar 6mm.

Zaɓen suwic ɗin zafi

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

Suwic ɗin ɗan dunƙulen tagulla ne da ake ɗaurawa ya taɓa ruwa. A cikinsa akwai faifan ƙarfe da ke lanƙwashewa in ya ji zafi, ya haɗa waya biyu. A motocin Turai da yawa zarensa ɗaya ne, M22×1.5. Duba gefensa za ka ga lambobi biyu an buga, kamar 92-87, ko 88-79, ko 87-82. Ta farko zafin da yake tada fanka ne, ta biyu zafin da yake tsayar da ita. Tazarar da ke tsakaninsu da gangan aka yi ta, don kada fanka ta riƙa tashi tana mutuwa kowane daƙiƙa biyar.

Yanzu ciro tamostat ɗinka ka karanta lambarsa, za ka ga 75, ko 82, ko 88. Wannan shi ne zafin da yake fara buɗewa, kuma ba ya gama buɗewa sai ruwa ya ƙara digiri 10 ko fiye. Ƙa'idar ita ce: lambar tsayawar fanka dole ta ɗara lambar tamostat, in suwic ɗin na sama ne, wurin da ruwan zafi ke fitowa daga injin. Ɗauki tamostat 82 da suwic 88-79 a tiyon sama. Fanka za ta tashi a 88, ta yi ta neman sauko da ruwa zuwa 79, shi kuwa tamostat ya rantse ba zai bar injin ya sauka ƙasa da 82 ba. Sai su yi ta ja-in-ja, fanka ta daɗe ba ta tsaya ba, ka koma kusa da dairek ɗin da ka guda. Tamostat 82 abokinsa 92-87 ne. Tamostat 75 zai zauna lafiya da 87-82 ko 88-79.

In kuwa ramin suwic ɗin a ƙasan lagireto yake, ko kusa da tiyon da ke mayar da ruwa cikin injin, lissafin ya canza. Ruwan da ya iso nan ya riga ya huce da digiri kaɗan, wani lokaci har goma. Suwic mai lamba 92 a wannan wuri ba zai tada fanka ba sai injin ya doshi 100. A nan mai ƙaramar lamba ake sawa, kamar 88-79 ko 87-82.

Mutane na jin 92 sai gabansu ya faɗi, wai ai ruwa ya kusa tafasa. A tukunya a buɗe haka ne, 100 yake tafasa. A cikin lagireto mai lafiyayyen murfi ruwan a matse yake, murfi mai lamba 0.9 na kai tafasar wajen digiri 118. Shi ya sa murfin da robarsa ta mutu ke sa mota aman ruwa alhali allura ba ta kai ja ba. Sai dai kada wannan ya sa ka sayo murfi mai lamba sama da wanda motar ta zo da shi, tsohon lagireto da tsofaffin tiyo ba za su ɗauka ba.

Ina za a ɗaura shi? In lagiretonka na da ramin tun daga kamfani, shi ke nan. In babu, hanya biyu ce. Lagireton tagulla irin na da, mai gyaran lagireto zai huda tanki ya liƙa maka noti mai wannan zaren da dalma. Ko kuma a yanka tiyon sama a tsakiya, a sa guntun bututun ƙarfe mai daidai faɗinsa wanda aka yi wa waldar notin a gefe, a ɗaure da kilif biyu. A sa ramin ya kalli ƙasa ko gefe, kada ya kalli sama, domin iska a sama take taruwa, suwic ɗin da ke zaune cikin iska kuwa makaho ne. Sayi mai ƙafa biyu. Mai ƙafa ɗaya ta jikinsa yake samun at (wato haɗi da ƙarfen jikin mota, ɓangaren negatib), ga shi kuma ka ɗora shi tsakanin roba da roba, ba zai yi aiki ba sai ka jawo masa wayar at daban.

Akwai kuma masu ɗan maburgi da ake saita zafin da hannu, irin wanda kamfanin Kenlowe na Ingila ya yi suna da shi, da masu allon lamba irin na Davies Craig na Ostireliya. Suna da daɗin saiti. Ni dai ga hanyoyinmu da ƙurarmu na fi natsuwa da dunƙulen tagullar nan, domin in ya mutu a Bunza ko Kamba za ka iya samun madadinsa a shago, kuma babu yaron gareji da zai murɗa maka saiti.

Kafin ka ɗaura, gwada shi a gida. Rataya gindinsa cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ƙafafun na sama a bushe, ka haɗa su da mita a wurin da take ƙara in waya ta haɗu. In kana da ma'aunin zafi, tsoma shi. Ya kamata mita ta yi ƙara kafin ruwa ya tafasa, ta yi shiru bayan ka sauke ya ɗan huce. Na taɓa sayen sabo a kwali da bai motsa ba har ruwa ya yi ta ɓararraka.

Ɗaura fankar

Fankar da ke bayan lagireto tana jawo iska ta fi wadda ke gaba tana turawa, domin ta gaba jikinta na tare hanya. In akwai wuri, sa ta a baya. In fankar injin ɗinka lafiya lau take, kana iya barinta ka ƙara ta wuta a gaba a matsayin mataimakiya, kamar yadda Marsandi 200 da 230 masu AC suka zo da ita. A zafin Kebbi wannan ba laifi ba ne ko kaɗan.

In za ka cire ta injin, fuka-fukan kawai za ka cire. Fule da fambel suna nan, su ke juya famfon ruwa da altaneta. Lura da kusoshin da suka riƙe fanka, sau da yawa su ne suka riƙe fulen, in an cire fanka sai su yi tsawo su daki jikin famfo. A sa gajeru ko a ƙara wasa. Bar tazarar yatsu biyu tsakanin bayan fanka da fule, domin injin na rawa a kan kujerunsa.

Kada ka yarda a soka igiyoyin roba ta cikin saƙar lagireto a ɗaure fanka. A titi mai santsi yana iya daɗewa, a ramukanmu kuwa nauyin fankar zai goge bututu har ya huje. Mai walda ya lanƙwasa maka ƙarfe falle biyu a ɗaure a gefen lagireto. Bakin fanka ya matso saƙar sosai, a toshe gefe da soso ko roba, in ba haka ba iska za ta riƙa zagayowa ta gefe ba ta ratsa lagireton ba.

Haɗa wayoyi

Juya rile ka dubi ƙasansa, kowace ƙafa da lambarta: 30, 85, 86, 87, in mai biyar ne da 87a. Lambobin tsarin Jamus ne da kusan kowane kamfani ke bi. 85 da 86 su ne ƙaramin maganaɗisun ciki, wutar da suke ja ba ta kai rubu'in amfiya ba. 30 da 87 su ne babbar ƙofa. Dabarar duka ita ce ƙaramar wuta ta buɗe wa babbar wuta ƙofa, suwic da makulli su huta da ɗaukar kaya.

1. Cire kan batir na negatib, ka kautar da shi gefe. Ka naɗe hannun riga, ka cire agogo da zobe.

2. Kafa rile kusa da batir, nesa da zafin salansa, ƙafafunsa na kallon ƙasa don kada ruwan wanki ko na damina ya kwanta a ciki.

3. Jan waya mai kauri daga kan batir mai alamar ƙari zuwa babban gidan fiyus, daga nan zuwa ƙafa 30. Fiyus ɗin kada ya yi nisa da batir fiye da taƙi guda. Aikinsa kare waya ne, duk tsawon da ke tsakaninsa da batir ba shi da mai tsaro. Kada ka sa fiyus ɗin a gidansa tukuna.

4. Daga ƙafa 87, jan waya mai kauri zuwa wayar wutar fanka.

5. Ɗaya wayar fankar zuwa jikin mota, da baƙar waya mai kauri iri ɗaya. Kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure da noti, ka shafa giris a kai. A tsohuwar mota da tsatsa ta ci, ni kai-tsaye nake kai ta kan batir na negatib. Rabin fankokin da ake cewa ba su da ƙarfi, at ne bai kama ba.

6. Ƙafa 86 tana son wutar da ke zuwa in an kunna makulli kawai. Nemo ta a akwatin fiyus da ƙwan gwaji, ka jawo da siririyar waya ta ƙaramin fiyus mai amfiya 5. Kada ka ɗauka daga kan kwayil, wasu motocin akwai abin rage wuta kafin kwayil, abin da ke isa can bai kai bolt 12 ba, rile zai riƙa kakkarwa.

7. Ƙafa 85 zuwa ƙafa ɗaya ta suwic ɗin zafi. Ɗaya ƙafar suwic ɗin zuwa jikin mota. Ƙafa 87a a bar ta haka nan, a rufe ta.

Akwai hikima a sa suwic a ɓangaren at maimakon ɓangaren wuta. Wayar da ke zuwa wurinsa doguwa ce, tana bi ta wurin zafi da girgiza. In wata rana ta goge ta taɓa ƙarfe, abin da zai faru kawai fanka ta tashi ta ƙi tsayawa. Ba tartsatsi, ba gobara, injin kuma bai ƙone ba.

Wasu na kai ƙafa 86 ga batir kai-tsaye don fanka ta ci gaba bayan an kashe mota. Ban ga ribarsa a irin motocinmu ba. Injin ya tsaya, famfon ruwa ya tsaya, ruwan lagireto kawai take hucewa, batir kuma na zuba. Ga haɗarin yaro ya sa hannu a motar da ake zaton a kashe take.

Kowane haɗi a matse shi da kan waya ko a yi masa dalma, a rufe da robar tsukewa. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya shekara a ƙarƙashin bonet, zafi na narkar da gam ɗin. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a ɗaure ta nesa da fambel.

Madannin hannu, AC, da fanka biyu

Daga wayar ƙafa 85 ka reshe siririyar waya zuwa madanni a dashbod, ɗaya gefensa zuwa at. In ka danna, ya yi aikin suwic ɗin zafi, fanka ta tashi. Yana da amfani in ka hango dogon layin shingen bincike, ko ranar da suwic ya mutu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne madannin kashe fanka. Ana cewa don ratsa ruwa da damina, amma ɗan Adam ajizi ne, rana ɗaya za ka manta shi a kashe. In ruwa ya kai tsayin fanka, tsaya ka zare fiyus, ka mayar in ka haye.

Mai AC yana bukatar fanka ta tashi duk lokacin da kwamfireso ya kama. Sa rile na biyu: 86 ɗinsa daga wayar kulocin kwamfireso, 85 ɗinsa zuwa at, 30 ɗinsa zuwa wayar 85 ta rile na farko, 87 ɗinsa zuwa at. Ya zama madanni na uku, wanda AC ke dannawa.

In fanka biyu ka sa, kowacce da rilenta da fiyus ɗinta, don in ɗaya ta mutu ɗaya ta kai ka gida. Suwic mai ƙafa uku irin na Volkswagen, mai lamba 95-84 da 102-91, mataki biyu gare shi, ana iya ba kowace fanka mataki ɗaya, amma lambobinsa sun yi wa tsohon injin mai tamostat 75 yawa. Fijo 405 da 406 masu fanka biyu wata dabara suke yi da rile uku: a matakin farko su jera fankokin a layi ɗaya kowacce ta samu rabin wuta ta juya a hankali, a na biyu kowacce ta samu cikakkiya. Yana da kyau, ba ƙara, ba fizgar batir, amma wannan a bar wa gwanin rewaya.

Gwaji

Cika ruwa, mayar da kan batir, sa fiyus. Kunna makulli ba tare da tada injin ba, ka zare wayoyi biyu na suwic ka haɗa su. Za ka ji rile ya yi ƙas, fanka ta tashi. Riƙe takarda a gaban lagireto: dole iska ta manna ta a jiki, wato tana shiga daga waje zuwa wajen injin. In tana hure ta waje, sauya wayoyin fankar biyu. Wannan kuskuren mugu ne, domin a tsaye kamar lafiya, a kan gudu kuwa iskar fanka da ta hanya sai su yi karo. Wasu fankokin in ka sauya musu waya sai ka juya fuka-fukan ma, duba kibiyar da ke jiki.

Mayar da wayoyin suwic, tada injin a inuwa, murfin lagireto a buɗe tun yana sanyi, ka bar iska ta fita har ruwa ya fara zagayawa, ka ƙara, ka rufe. Daga nan kada ka sake taɓa murfin sai injin ya huce sarai. Zauna ka zuba wa allura ido. Tiyon sama zai yi zafi in tamostat ya buɗe. Can sai fanka ta tashi da kanta, ta yi minti ɗaya zuwa uku, ta tsaya. Jira ta maimaita sau uku. Ka riƙe a ranka inda allura take lokacin da take tashi, nan ne sabon ma'auninka. Tana juyawa, auna wuta a kan batir, ya kamata ka ga bolt 13 da ɗoriya, har zuwa 14.4 in an ɗan taka totur. Auna a bakin fanka, bambancin kada ya wuce rabin bolt. Taɓa gidan fiyus da wayoyi, ɗumi kaɗan ba komai, zafin da ke sa ka janye hannu na nufin haɗi bai matsu ba ko waya ta yi siriri.

In ta tashi ta ƙi tsayawa a inuwa, lambar suwic ta yi ƙasa, ko fankar ta yi ƙarama, ko iska na zurarewa ta gefe. Da azahar ɗin watan Afrilu, zafin gari ya haura 40, in ta daɗe tana juyawa a cunkoso ba laifi ba ne, muddin allura ba ta hawa.

In ta ƙi tashi a hanya

Allura ta wuce inda ka saba, ba ka ji fanka ba: danna madannin hannu. In ta tashi, suwic ne ya mutu, ko ruwa ya ragu har ya bar shi a iska. Na biyun ya fi haɗari, don haka tsaya, bar injin ya huce, duba ruwa kafin ka ci gaba. In ka danna ba ka ji ƙas ɗin rile ba, duba ƙaramin fiyus, sannan ka sauya rile da na ajiya. In ya yi ƙas fanka shiru, babban fiyus ne, ko at ya saki, ko motar fankar. Fiyus ɗin da ya ƙone sau biyu a jere kada ka naɗa masa waya ko takardar sigari, juya fuka-fukan da hannu makulli a kashe ka ji ko sun cije, ka bi wayar ka ga inda ta goge.

In rile ne kuma babu na ajiya, zare shi, ka sa guntuwar waya mai kauri tsakanin ramin 30 da na 87 a soket. Fanka za ta yi ta juyawa, kuma fiyus na nan yana tsaronta, za ta kai ka gari. Da ka isa ka zare guntuwar wayar, domin ramin 30 na da wuta ko makulli na aljihunka, in ka bar ta kafin asuba batir ya ƙare.